Littafin Sista da Kunyar Mma

Ni ce 'yar fari a wurin Mma, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausawa na da ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kiran sunana. Tun ina rarrafe har na fara furfura, ni "ke" ce in muna mu biyu, "waccan" in da mutane. Idan tana so ta san ko na ci abinci, ƙanina take tambaya, ni kuwa ina zaune a gabanta. Ranar da na dawo gida bayan rasuwar mijina, ta share mini ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta fita ba ta ce mini uffan ba. Kunyar ɗan fari ake kiran wannan. Yawancin matan garinmu Tamale sun daɗe da yar da ita, za ka ga yarinya ta goya ɗanta na fari tana yi masa waƙa da sunansa a tsakiyar kasuwa. Mma kuwa, da yake mahaifinta fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Hausa, ta riƙe al'adar da hannu biyu.

Ban taɓa yin ƙorafi ba, don na ɗauka haka Allah Ya yi ta, mace marar yawan magana. In babu ruwa a randa, ai ba ka jin haushin wanda bai ba ka ba. Sai da na haura hamsin na gane randar a cike take.

Gidanmu a unguwar Nyohini yake, bayan wani ƙaramin masallaci. Fura Mma take sayarwa a ƙofar gida, matan Fulani suna kawo mata nono daga wajen Gbalahi. Da gyambo ya kama ta a ƙafa, ni na karɓi sana'ar, na haɗa da ɗan ɗinkin da nake yi. Mun yi maganin gida har mun gaji, daga baya ƙanina ya kai ta asibitin mishan. Su ne suka ce akwai wata tsohuwar Baturiya cikin matan cocin nan da ba sa aure, wadda take bin gidaje tana wanke wa tsofaffi ciwo. Sista kowa ke ce mata.

Ranar da ta fara zuwa, ta sauko daga yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, doguwa siririya, da ɗankwali shuɗi da jakar magani. Na shirya 'yan kalmomin Turancina, sai na ji ta yi sallama ta ce, "Sannu da jiki, Hajiya. Yaya ƙarfin jikin?" Ashe ta yi shekaru a arewacin Najeriya kafin a turo ta nan. Mma ta ɗago kai ta dube ta da kyau, ta ce rabonta da jin irin wannan Hausar tun mahaifinta yana da rai. Mu namu bakin ya gauraye da Turanci da yarukan ƙasar nan, Dagbanci da Tuwi, Mma kullum cewa take muna magana kamar masu tauna tsakuwa.

Gyambo ya warke kafin damina ta fita. Na yi wa Sista godiya irin ta sallama, har da 'yar kyautar ƙwan zabi. Sati na zagayowa sai ga yalo-yalo a ƙofar gida, wai ta zo shan fura. An ce baƙo raɓa ne, to wannan raɓar dai rana ta yi ta fitowa ba ta bushe ba. Duk Talata da Juma'a bayan la'asar tana nan, a kan kujerar roba ƙarƙashin bishiyar dalbejiyar tsakar gida, Mma a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Ni ce mai dama fura, ni ce mai kawo ruwa, ni ce mai korar awaki.

Wata rana ina wanke ƙwarya sai na ji dariya. Na juya don in ga wace maƙwabciya ce ta shigo, ashe Mma ce. Ta buɗe baki har ana ganin giɓinta na can ciki, tana dukan cinya. Wallahi ban taɓa sanin tana da wannan giɓin ba, ni da nake wanke mata kaya ina yanke mata farce. Labari take bai wa Sista na yadda tana yarinya jaki ya gudu da ita har cikin kasuwa. Ban taɓa jin labarin jakin nan ba. Na tsaya da ƙwarya a hannu, abin da na ji kuwa ba sai an faɗa mini sunansa ba, kishi ne.

Littafin daga baya ya shigo maganar. Ɗan ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, bangonsa baƙi ya koɗe, an ɗaure shi da zare don kada takardun su zube. A aljihu Sista take yawo da shi. Mma ta tambaye ta ko laya ce, ta ce a'a, katikizim ne, wato littafin koyar da addininsu ta hanyar tambaya da amsa, kuma na kakarta ne. Na leƙa ta kan kafaɗarta, ina taƙama da 'yar bokona, na kasa karanta ko kalma ɗaya. Haruffan ma wasu iri ne, masu lanƙwasa. A nan na fara sanin cewa mutanen Ailan, ƙasarsu Sista, suna da nasu harshe daban da Turanci, kuma Turawan Ingila sun mulke su kamar yadda suka mulke mu. Mma ta riƙe haɓa ta ce ashe Bature ma yana da nasa Baturen.

Tarihin littafin kuwa na ji shi har na haddace, ba don ina so ba, don kawai murhu yana kusa da dalbejiyar. Sista ta ce irin waɗannan littattafai, masu mulkin ne suka fara buga su da harshen mutanen, don su janye su daga cocin iyayensu zuwa cocin gwamnati. Mutane suka ƙi. Limamansu da aka kora zuwa ƙetaren teku suka zauna a ƙasashen mutane suka rubuta nasu, suka buga, ana ɓoyo da su cikin kayan jirgin ruwa. Wasu ma a waƙe aka tsara su don a riƙe da ka, saboda masu iya karatu kaɗan ne. Inda babu na bugu sai a kwafa da hannu. Mutum ɗaya ya riƙe littafi ya yi tambaya, duk gida su amsa da baki ɗaya. Daga baya harshen nasu ya yi ta ja da baya, littattafan suka koma na Turanci, har aka yi zamanin da yara ke rera amsa da Turancin da ba sa ji, iyaye kuma suna addu'a da harshen da 'ya'yan suka fara mantawa. Kakarta tana cikin masu taurin kai, da nasu harshen ta koya mata, a gefen murhu, tana tambaya ita tana amsawa.

Mma ta ce to ai wannan karatun zaure ne. Ta tuna malaminsu na yarinta yadda yake jefo tambaya, wane ne Ubangijinku, mene ne addininku, su kuma su ɗauka da ƙarfi har muryarsu ta dushe. Ta rera mata da irin muryar da suke yi, Sista ita ma ta rera nata, sai ga shi hawa da saukar muryar kusan ɗaya. Suka sake fashewa da dariya, tsofaffi biyu. Ni kuwa na ƙara wa wuta itace har hayaƙi ya kore su zuwa ɗaya gefen bishiyar.

Sai Sista ta faɗi abin da ya jawo mini duk wahalar. Ta ce amsoshin suna nan a kanta, ko a barci aka tashe ta za ta kawo su, amma tun da kakarta ta rasu babu wanda ya sake yi mata tambayoyin da wannan harshe. Littafi ne na mutum biyu, in ji ta, mutum ɗaya ba ya yinsa. Mma ta ce a fassara mata tambayar farko. Sista ta ce tambaya ce a kan wanda ya halicci duniya, amsar kuma Allah. Ta biyu da ta uku ma duk a kan haka suke, cewa Yana ko'ina kuma Yana ganin kowa. Mma ta ce wannan ai babu gardama, a koya mata yadda ake faɗa.

Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, matar nan da ba ta taɓa yarda ta ce ko "gud monin" ba, ta zauna ta karya harshenta a kan yaren wani tsibiri da ba ta san inda yake ba. Makonni tana fama. Kalmomin suna fitowa daga maƙogwaro kamar mai kakin majina, yaran unguwa suna leƙe ta katanga suna kwaikwayo. Da suka zo tambayoyin da suka shafi Annabi Isa, Sista ta fassara mata gaskiya ba ta ɓoye ba, Mma ta ɗaga hannu ta ce, "Nan hanya ta rabu. Ki bi taki in bi tawa." Ba su taɓa wuce wurin ba. Amma waɗancan na farkon, duk zuwa sai an yi su kafin a sha fura. Mma ta gyara zama ta jefa tambaya, Sista ta haɗa hannuwa a cinya kamar 'yar makaranta ta amsa, wani lokaci idonta ya kawo ruwa.

Ku duba mini wannan lamari. Ni da na fito daga cikinta, ba ta taɓa tambayata ko kaina ya daina ciwo ba. Ga wata daga bayan teku, an koyi yare sukutum don a yi mata tambaya. An ce kishi kumallon mata, to ni ban taɓa zama da abokiyar zama ba, sai da tsufa ya zo na same shi a kan 'yar tsohuwar da ko miji ba ta taɓa yi ba. Furarta nakan rage mata sukari. Ta sha ta ce ta fi daɗi haka, wai likita ma ya hana ta zaƙi, abin ya ƙara ƙona mini rai.

Na je Bulpiela wurin ƙanina, shi ne auta, ɗan lelen da ake kiran sunansa har da na wasa. Na ce masa ya zo ya ga abin da ke faruwa, ana karanta littafin coci a gidanmu, kada a wayi gari an juya wa tsohuwa kai. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce matar da goshinta ya yi baƙi don sujada, wadda take tashinsa sallar asuba ta waya har yau, ita za a juya? Sannan ya dube ni ya ce, "Yaya, ba addini ne ke damunki ba." Na ce masa ya iya bakinsa, na ɗauki mayafina. A hanya na yi ta masifa ni kaɗai, don na san gaskiya ya faɗa.

Ana cikin haka labari ya zo cewa shugabanninsu sun ce Sista ta koma gida, tsufa ya yi, akwai gidan da suke ajiye irinta a can. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Har waƙa na yi a bakin keken ɗinki. Amma daɗin bai je ko'ina ba, don daga ranar sai zaman nasu ya canza. Suka koma ƙus-ƙus. In na doso da ƙwarya sai su yi tsit, Sista ta kama duban ganyen dalbejiya kamar yau ta fara ganinsa. Mma ta fara ƙirƙiro mini aike: a je a duba ko matan nono sun iso bakin titi, a je a sayo goro, ba na nan kusa ba, na can kasuwa. Mace mai jikoki ana aikenta sayen goro don a yi hira a bayanta. Na hango su sau da yawa daga ƙofa, Mma tana faɗin abu, Sista tana maimaitawa, Mma tana girgiza kai tana sake faɗa. Na ce a raina, to, yanzu kuma asirin gidanmu ake haddace mata ta tafi da shi.

Ranar zuwanta na ƙarshe Juma'a ce. Ina dama fura a ɗakin girki, na yi niyyar in ajiye musu in shige ɗaki, don ba ni da niyyar kallon koke-koken rabuwa. Sai na ji Mma tana magana da iska, yadda ta saba in da ni take: a ce wa waccan ta kawo kayan damun nan inuwa, zafi ya yi yawa a can. Babu kowa a gidan da za a ce wa ya ce mini. Na kwaso ƙwarya da ludayi na zauna a ɗan nesa da su, na ba su gefe.

Suka yi nasu na kullum, Mma ta yi tambayoyinta, Sista ta amsa. Sannan Mma ta ce biki ai ramawa ake yi, ta daɗe tana tambaya, yau ita za a tambaya. Ta juya fuskarta wajen katanga, ta haɗa hannuwa a cinya yadda Sista take yi. Sista ta gyara murya, ta fara da Hausa, da muryar nan ta karatu. Ta tambaye ta wane ne Ubangijinta, ta ce Allah. Mene ne addininta, ta ce Musulunci. Ina ta juya ludayi, ina cewa a raina yau kuma wane wasan yara ne wannan.

"Wa kika fara haifa?" in ji Sista.

Sai Mma ta faɗi sunana. Cikakke, yadda aka raɗa mini shi, ba ta gutsure ko harafi ba. Ban san haka yake fita a bakinta ba, ta ɗan ja ƙarshensa kaɗan. Ludayin ya tsaya a hannuna.

"Wa ke riƙe da gidan nan?"

"Ita."

"Wa kike so ta wanke ki ranar da kika mutu?"

"Ita. Kada a ba kowa."

Duk wannan fuskarta tana wajen katanga, muryarta kuma ba ta rawa, kamar mai biya karatu. Sai a lokacin na gane abin da ake ta haddacewa a bayana. Uwa ba ta buɗe baki haka kawai ta yi maganar 'yar fari, amma in baƙo ya yi tambaya, rashin amsawa ai wulaƙanci ne. Mma ta zauna ta tsara tambayoyin da kanta, ta koya wa Sista su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mata na wancan littafin.

Sista ta saci kallona, ta ga halin da nake ciki, sai ta ƙara wata daga kanta. Ta ce, "Kina sonta?"

Mma ba ta juyo daga katangar ba. Can ta ce, "Wannan ban koya miki ita ba." Ta jawo bakin mayafi ta goge fuska, wai hayaƙi, alhali ko wuta ban hura ba. Sannan ta ce wa iska a miƙo furar kafin ta tsinke.

Na miƙa musu. Na zuba wa Sista sukari har ya yi yawa, ta shanye tas. Da za ta tafi na raka ta bakin titi, na riƙe mata jaka har yalo-yalo ya tsaya. Ta ce mini in yafe mata aiken goron da aka yi ta yi mini, wai ita ce ba ta da kai, sai da suka yi ta maimaitawa kafin ta riƙe, kuma kowane maimaici sai Mma ta ba da amsar gaba ɗaya. Ta faɗa ne don in yi dariya, na kuwa yi mata.

Bayan tafiyarta na gwada. Wata la'asar na zauna a kujerar robar nan, na gyara murya na ce, "Mma, wa kika fara haifa?" Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce, "Ke, tashi ki duba tukunyarki." Ban sake ba. Ta yi shekara biyu bayan nan, ni "ke" ce har ranar ƙarshe. Da ta cika, matan unguwa suka taso da wata gwaggonmu za su shiga wanka, na tsaya a bakin ƙofa na ce ni aka ba, kuma ni na yi.

An aiko mana daga baya cewa Sista ma ta rasu a can ƙasarsu, an binne ta da ɗan littafin kakarta. Na ji ba daɗi, don mutuniyar kirki ce, kuma abin da ta yi mini babu wanda ya taɓa yi. Amma in na ce kishin ya tafi na yi ƙarya. Har yau in na zauna ƙarƙashin dalbejiyar nan sai in tuna makonnin da ake aikena kasuwa. Ina can ina cinikin goro, ita tana nan a zaune tana jin sunana a bakin Mma, a faɗa a sake faɗa, har ta gaji da ji. Ni sau ɗaya na ji shi.